Da kuɗina aka gina gidan, amma sunansa kaɗai ke kan takarda

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar sakandare ce a Kano, shekarata 16 da aure, 'ya'yanmu huɗu. A 2014 maigidana ya samu fili, kuɗinsa bai kai ba, sai na ba shi abin da na samu na gadon mahaifina aka cika. Da aka zo gini na sayar da gwala-gwalaina, na ci bashin kofaretib ana cira daga albashina har shekara uku, adashi biyu da na kwasa duk a rufi da tayil suka tafi. Mun tare a 2019. Duk takardun gidan sunansa ne a kai, ban taɓa damuwa ba. Yanzu zai ƙara aure bayan Babbar Sallah, ya ce zai fitar wa amarya sashe a cikin gidan. Da na ce masa ina da haƙƙi a gidan nan, sai ya ɓata rai ya ce, "Yanzu ni da ke har akwai nawa da naki?" Kwana uku bai ci abincina ba. Mahaifiyata ta ce in yi shiru, gida ai na 'ya'yana ne, kada a ce kishi ya sa ni gori. Mutumin kirki ne, bai taɓa wulaƙanta ni ba, ba na son aurena ya mutu. Amma barci ya ƙaurace mini. Shin ina da wani abu a gidan nan, ko na yi asara? In ina da shi, yaya zan nema ba tare da na rusa gidana ba?

Daga wata baiwar Allah a Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda kika ce ba ki taɓa damuwa ba. Haka ya kamata mace ta zauna da mijinta, zuciya ɗaya. Kada ki zargi kanki a kan amanar da kika ba shi. Kuskure ɗaya ku biyun kuka yi: kuɗi masu yawa sun fita daga hannunki sun shiga gini, amma ba wanda ya raɗa musu suna. Wannan kuwa yana gyaruwa, tunda kuna raye, kuna da lafiya, kuna ƙarƙashin rufi ɗaya.

Aure a Musulunci ba ya haɗa aljihun miji da na mata. Sadakinki naki ne, gadonki naki ne, albashinki naki ne, kayan ɗakinki naki ne. Allah Ya faɗa a Suratun Nisa'i, aya ta 32, cewa maza suna da rabo daga abin da suka nema, mata ma suna da rabo daga abin da suka nema. A aya ta 4 ta wannan sura, ko sadakin da miji ya bayar da hannunsa ba ya halatta ya ci daga ciki sai matar ta bar masa da daɗin rai. Ci da sha da sutura da muhalli kuwa a wuyansa suke, ko da kin fi shi kuɗi. Dokar ƙasa ma ba ta hana ki ba: sashe na 43 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya, mace ko namiji, damar mallakar fili ko gida. Saboda haka tambayar da Baban yara ya yi miki tana da amsa. E, akwai nawa da naki, kuma Allah ne Ya raba. Maganarsa ta ƙauna ce, na yarda, amma ranar da za a zauna rabon gado babu wanda zai tambayi yawan ƙaunar da ke tsakaninku. Takarda da shaidu za a nema.

Sai dai wannan rabuwar aljihu takobi ce mai kaifi biyu, kuma gara ki ji daga bakina. Zaman shekara 16 kawai bai ba ki rabin gida ba. Raba dukiyar ma'aurata da kike ji a labaran Ingila da Amurka, ko abin da alƙali ke iya yi a nan ƙarƙashin dokar aure ta 1970, wannan na auren rajista ne, bai shafi auren da aka ɗaura da waliyyi da sadaki ba. Abin da kike da shi a gidan nan ya rataya ne a kan abin da kika zuba, da kuma sunan da kika zuba shi da shi.

To, a nan ne nake so ki zauna ke kaɗai, tsakaninki da Allah, ki tuna. Ranar da kika miƙa masa kuɗin gadon mahaifinki, me kika ce? Me ya ce? In kin furta cewa kin ba shi kyauta, halak malak, ya karɓa ya yi amfani da su, to kyauta ta tabbata, kuma Manzon Allah (SAW) ya kwatanta mai janye kyautarsa da kare mai komawa cikin amansa. Ba zan ba ki shawarar ki sauya wa kyauta suna don yau ranki ya sosu ba. In kuma cewa kika yi, "Ga wannan ka riƙe, in Allah Ya buɗa ka mayar mini," bashi ne. In kuwa maganar da ke bakinku tun farko ita ce "mu haɗa mu yi gidanmu," wannan tarayya ce, kina da kaso a cikin gidan gwargwadon abin da kika sa. Yadda kika ba da labarin, na fi ganin na ukun. Mace ba ta cin bashin da za a yi shekara uku ana yanka daga albashinta, ta tuɓe gwal daga wuya da hannu, don kawai ta yi kyauta. Mai yiwuwa kuma abin ya gauraya: wani kyauta, wani tarayya. In haka ne, ki ware kowanne da gaskiya. Kuɗin cefane da na makarantar yara da kika riƙa cikawa da son ranki, ki bar su inda suke. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta aika a tambayar mata Annabi (SAW) game da abin da take kashewa a kan mijinta da marayun da ke hannunta, ya ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Kada ki zubar da wannan lada ki mayar da shi lissafi.

Bambancin bashi da tarayya ba ƙarami ba ne, musamman a wannan zamani. Asalin hukuncin bashi shi ne a mayar da kwatankwacin abin da aka karɓa: wanda ya ranci Naira miliyan biyu, miliyan biyu zai biya, sai dai in ya ƙara don kyautatawa ba tare da sharaɗi ba. Ke kuwa kin san abin da ya faru da Naira, balle tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Buhun simintin da ake saya ƙasa da Naira 3,000 a 2019 ya haura 10,000 a farkon 2024. In aka ce bashi ne aka ƙirgo miki adadin da kika bayar a 2014, abin da ya sayi rabin fili a lokacin yau da ƙyar ya zagaye shi da katanga. Tarayya kuwa kaso ce, rubu'i ko sulusi ko abin da lissafi ya nuna, tana tashi tare da darajar gidan. Gwal ma haka: da gwal ɗin kika ba shi rance, gwal mai nauyinsa zai biya, amma tunda ke kika sayar kika kawo kuɗi, kuɗin ne za a duba. Don haka kada garajen son a wuce wurin ya sa ki amsa "zan biya ki kuɗinki" ba tare da kun fahimci abin da ake nufi ba.

Yanzu maganar Hajiya. Na san tsoron da ke ranta, uwa ba ta son a ce 'yarta ta fito daga gidan miji saboda dukiya, kuma ta girma a lokacin da kara da alkunya suka fi takarda ƙarfi. Ki girmama ta. Amma cewa gida na 'ya'yanki ne, rabin gaskiya ce. Bari mu yi lissafi, Allah Ya ba maigidanki tsawon rai. A ce gidan ya kai Naira miliyan 32, ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya. Rabon mata tumuni ne, wato miliyan 4, ku raba biyu, ki tashi da miliyan 2. In iyayensa na raye kowanne yana da sudusi. Saura na 'ya'ya ne, naki da na amarya, kuma 'ya'yanta halaliyarsu za su ci, babu mai hana su. Amma a ce an rubuta cewa rubu'in gidan naki ne. Za a fara cire miliyan 8 a ba ki, domin ba dukiyar mamaci ba ce, sannan a raba miliyan 24 da suka rage, ki sake samun miliyan ɗaya da rabi. Ko bashi ne ma, ayoyin gado sun nanata cewa ba a rabo sai bayan an fitar da bashi da wasiyya. In babu shaida, gumin mahaifinki da naki za a raba wa mutanen da ba su san ma sun ci haƙƙi ba.

Ki juya lissafin kuma. In ke kika riga shi, kasonki na gidan gado ne: shi yana da rubu'i, Hajiya tana da sudusi, saura na 'ya'yanki huɗu. In ba a rubuta ba, zai ci gaba da zama a kan haƙƙin surukarsa da na marayun uwa, yana ganin nasa ne. Kin ga ke nan shirun da ake so ki yi ba haƙƙinki kaɗai zai binne ba. Na taɓa zama a gidan makoki inda bayan sadakar bakwai 'yan'uwan mamaci suka kawo dillali ya yi wa gida kuɗi, matar tana takaba a ɗaki, tana jin ana ciniki a kan rufin da ta sayar da shanun gadonta aka yi. Ba azzalumai ba ne mutanen nan, sun ce ta kawo shaida, ba ta da ita. Wanda ya sani yana kabari. Har yau in na tuna fuskarta sai gabana ya faɗi, shi ya sa ban ɗauki wasiƙarki da wasa ba.

Akwai hanyoyi biyu da maza masu kyakkyawar niyya ke bi don kwantar wa mata hankali, kuma duka biyun suna iya rushewa. Ta farko, "zan sa miki a wasiyya." Babu wasiyya ga magaji, ke kuwa magajiya ce, sai in sauran magada sun yarda bayan rasuwa. Ta biyu, "na ba ki gidan kyauta," alhali yana ci gaba da zama a ciki. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓe abin a hannunsa kafin mai bayarwa ya mutu ko ya kwanta ciwon ajali. Malamai sun yi bayani ƙarara cewa mace in ta ba mijinta gidan da suke zaune kyauta ya inganta, amma miji in ya ba matarsa gidan da yake zaune da ita a ciki bai fita ba, hauzi bai samu ba, domin shi ke da alhakin ba ta muhalli. Mata da yawa sun riƙe irin wannan alkawari shekaru, ranar rabo ya zama iska. Abin da kike buƙata iƙirari ne: ya amsa da bakinsa, yana cikin ƙoshin lafiya, a gaban shaidu adilai, cewa kaso kaza na gidan nan da kuɗinki aka yi shi, mallakinki ne tun asali. Ki lura da "ƙoshin lafiya," domin iƙirarin da mutum ya yi wa magajinsa a kan gadon mutuwa ana tuhumarsa.

Kafin ki sake buɗe baki, tattara abin da ke hannunki a natse. Ki je banki ki nemi bayanin asusunki na shekarun ginin. Takardun albashi da ke nuna cirar kofaretib, da takardar bashin kanta, suna nan a ofishinsu. Rasiɗin siminti, rodi, kwano, tayil, duk wanda ya rage. Uwar adashi ta san lokacin da kika kwasa. Wanda ya raba gadon mahaifinku ya san abin da ya faɗo miki, dillalin fili da magini wataƙila sun san daga inda kuɗi suka fito. Ƙa'idar shari'a ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, kuma a sha'anin dukiya ana karɓar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai nema. Shaidar uwa ga 'yarta ko ta ɗa ga mahaifiyarsa ba a karɓarta, don haka kada ki dogara da Hajiya ko yaranki. Ina gaya miki wannan ba don ki shirya ƙara ba. In kin san adadin da gaskiya, maganarki za ta fito da nutsuwa, ba za ki ƙara ko sisi ba, ba kuma za ki rage ba. Nasa ma ki lissafa masa cikakke: kuɗinsa, zirga-zirgarsa, tsayuwarsa a kan ma'aikata cikin rana. Kada kuma ki ɗauke takardun gidan ki ɓoye, ko ki kai gidanku. Wannan zai mayar da mai gaskiya mai laifi.

Game da fushinsa, ina ganin abin da ya ji daban ne da abin da kika faɗa. Maganar ta zo a jere da maganar amarya, sai kunnensa ya ji "ba don ni ba da ba ka yi gida ba." Babu namijin da wannan ba zai yi wa ciwo ba, ko da gaskiya ce. Saboda haka ki raba zancen biyu, ki raba su sosai. Kishi halitta ce, matan Annabi ma sun yi, ba zan ce kada ki ji zafi ba. Amma ranar da za ki yi maganar gida, kada sunan amarya ya fito daga bakinki. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun kwanta, ki ce masa wani abu kamar haka: "Baban yara, ban faɗi maganar nan don in yi maka gori ba, in ta yi maka zafi ka yafe mini. Ban taɓa zargin za ka cuce ni ba. Mutuwa nake tsoro, tawa ko taka. Iyali za su ƙaru, ba na son wata rana 'ya'yanka su tsaya gaban alƙali da juna, ko a tsare ka gobe kiyama a kan abin da da bakinka za ka iya warwarewa yau." Sannan ki tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma sahabbai aka fara faɗa wa, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ba kuma baƙon abu kike nema ba. A Maroko, ƙasar Malikiyya irin tamu, tun ƙarni na 16 wani malami mai suna Ibnu Arduna ya ba da fatawa cewa matan karkara da ke aiki tare da mazajensu suna da rabo a abin da aka tara. Dokar iyali da ƙasar ta yi a 2004, a sashe na 49, ta tabbatar da cewa dukiyar kowane ɗaya daga ma'aurata tasa ce, sannan ta ba su dama su rubuta yarjejeniya a takarda daban kan yadda za a yi da abin da suka samu a zaman aure. Mu a nan babu wanda ke tuna wa ango da amarya wannan ranar ɗaurin aure, sai mu riƙa tuna wa juna.

In ya amince, kada a tsaya a fatar baki. Ku yi lissafin abin da aka kashe gaba ɗaya, a fitar da kason kowa, lauya ya rubuta, shaidu biyu daga danginsa da naki su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. In filin yana da shaidar mallaka ta gwamnati, dokar filaye ta 1978 ta ce ba a mayar da wani ɓangare na irin wannan fili ga wani sai da amincewar gwamna, don haka lauyan ya bi ta KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kano, a shigar da sunanki. In takardar ciniki ce kawai da hannun mai unguwa, a sabunta ta da sunayenku biyu kafin a nemi ta gwamnati. A rubuta cikakken sunanki da na mahaifinki. "Alhaji wane da iyalinsa" ba ya nuna kowa, balle a gidan da zai zama na mata biyu. In kuma ransa bai kwanta da sunaye biyu a takarda ɗaya ba, akwai mafita: a kira masu ƙiyasta kuɗin gida su faɗi darajarsa ta yau, ya saye kasonki, ko a hankali ne, ko ya musanya miki da wani fili da sunanki. Duk wanda kuka zaɓa, a gama shi kafin a sa bulo ɗaya na sabon sashe, domin da zarar sabon kuɗi ya shiga ginin lissafi zai ƙara cakuɗewa. Kuma in tarayyar ta tabbata, fitar da sashe a gidan abu ne da sai da shawararki, kamar yadda kowane abokin tarayya yake da ta cewa. Ke ma a nan sai ki yi adalci, ki duba abin da zai zaunar da gidan lafiya.

In ya ƙi saurara, kada ki yi yaji, kada ki kai maganar dandalin sada zumunta ko zauren ƙawaye. Allah Ya nuna hanya a Nisa'i aya ta 35: mai sulhu daga danginsa, mai sulhu daga naki. Ki nemi waliyyinki, da wani babba da maigidan ke jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa ko limamin unguwa wanda ya san fiƙihun gado. Sau da yawa abin da miji ya ƙi ji daga matarsa yakan karɓe shi daga malami cikin minti goma. In wannan bai yi ba, Hisbah na zaman sulhu irin wannan, kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da hukumar Legal Aid suna ba da shawarar shari'a ga wanda ba shi da ƙarfi. Kotu tana nan, haƙƙinki ne, amma ba zan ɓoye miki ba, auren da ya je gaban alƙali a kan gida da wuya ya dawo yadda yake, shi ya sa na sa ta a ƙarshe.

Hajiya kuma ki je ki same ta da kanki, ki yi mata lissafin nan na sudusinta da na jikokinta a hankali, ki roƙe ta ta sa miki albarka kafin ki yi magana da shi. Ina sa ran in ta gane ba faɗa za ki yi ba, ita za ta fara kiran kawunki. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sanyaya miki zuciya a kan abin da ke tafe, Ya raya muku zuri'a. Ki rubuto mini bayan kun zauna.